Sharaɗi na Tara

Ƙarfe sha ɗaya saura takardar ta faɗo kan teburinta, da ɗuminta daga inji. Edita ya tsaya a kanta yana kaɗa biro a haƙoransa, abin da yake yi duk ranar da labari ya fi ƙarfinsa.

"Anti Ƙamus, ga wata. Da ita za mu buɗe labaran ƙarfe huɗu."

Shekara goma sha tara ke nan tana fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a gidan rediyon nan, har sunanta na gaskiya ya ɓace. Kowa Ƙamus yake ce mata, daga shugaba har mai gadi. Ta gyara zaman tabarau, ta ja takardar gabanta, idonta ya sauka kan kalma ta uku a kanun labarin: rearm.

"Akwai ta a akwati?" in ji edita.

"Babu."

"Kin tabbata? Ko ba ki duba ba."

"Na ce maka babu. Ba mu taɓa buƙatarta ba."

Akwatin na katako ne, yana kusa da gwiwar hannunta, cike da katuna a jere bisa harufa. Ta gaje shi wurin tsohon malamin da ya koya mata aiki, tare da dokarsa: duk baƙuwar kalmar da ta shigo gidan sai an buɗe mata kati. A sama kalmar, a tsakiya ma'anarta, a ƙasa misali, kuma dole misalin ya kasance da mutum a cikinsa yana yin abin. Malamin ya ce in tsohuwar da ke tsintar shinkafa a tsakar gida ba ta gane ba, to ba a yi fassara ba, an dai sauya wa Turanci riga ne. Yaran yanzu waya suke tambaya, suna yi wa akwatin dariya. Amma ranar da waya ta ce musu ministan ruwa ya nutse a majalisa, ai gurin akwatin suka dawo.

Kalmar kanta ba wata mai wuya ba ce. Ta buɗe babban ƙamus don cika ƙa'ida kawai, ta tarar da abin da ta riga ta sani: a sake ba wa mutum makami bayan an karɓe, ko shi ya sake ɗauka bayan ya ajiye. Ana faɗarta a kan ƙasa, ana faɗarta a kan runduna, ana faɗarta a kan mutum ɗaya. Sai da ta gangara cikin sanarwar ta ga inda wuyar take.

Gwamnati ta ce tun da tashin hankali ya dawo ƙauyukan da ke bayan tsauni, za ta sake ba da makamai. Ba ga kowa ba. Ga mutanen da suka ajiye nasu shekara bakwai da suka wuce aka yi musu afuwa, tun da su ne suka san dajin, suka kuma san hannu. Masu koren katin afuwa daga lamba ɗaya zuwa ɗari shida su hallara a filin wasa gobe da ƙarfe takwas na safe, kamar yadda sharaɗi na tara na takardar afuwa ya tanada. Wanda bai zo ba an janye afuwarsa, tsoffin tuhume-tuhumensa sun dawo.

Lambar ƙanenta ɗari biyu da goma sha huɗu ce. Ta san ta kamar yadda ta san ranar haihuwarta.

Ba ta san lokacin da yatsunta suka shiga akwatin ba. Suka zaro wani kati da gefensa ya yi laushi, na kalmar da ake faɗa in an karɓe makami. Rubutunta ne, da jan biro, don ranar da ta rubuta shi farin ciki ya hana ta neman baƙi. Misalin da ke ƙasa ya ce: Ƙanena ya ajiye bindiga ya koyi walda.

"Anti, lafiya?"

"Ina son fita. Awa biyu."

Edita ya dubi agogon bango, ya dubi fuskarta. Yaro ne a wurinta, a gabanta ya zo neman aiki da takalmi ɗan aro, amma ba wawa ba ne.

"Ƙarfe uku nake son ta a teburina," ya ce. "Don Allah kada ki sa ni in ba wa yaran nan."

Bas ɗin cike yake, kwandasta na ta tura mutane kamar buhuna. Ta samu gefen kujera kusa da wata mata mai ɗauke da fanka sabuwa a kwali. Kowa na harkarsa. Wani na faɗa da wani a waya a kan taya, wata na gyangyaɗi. Ita kaɗai ce a motar ta san abin da za a faɗa ƙarfe huɗu, kuma sanin bai amfane ta da komai ba.

Ƙanenta Auta yana da shekara goma sha tara ya bi abokansa daji, lokacin da kowane saurayi a unguwarsu yake ganin bindiga ce maganin raini. Shekara huɗu ba su sa shi a ido ba. Da aka yi shelar afuwa, ita ce ta fassara shelar, ita ce kuma ta bi mota uku da ƙafa ta je ta same shi a wani kango, ya rame ya zama sai ido. Ta zauna kusa da shi a kan bulo da takardar afuwa a hannu. Sharuɗɗa goma sha biyu ne, duk da Turanci, shi kuwa Turancinsa bai wuce na jikin kwalin batir ba.

Kafin ta fara karantawa ya riƙe hannunta. "Yaya, abu ɗaya. Akwai inda aka ce za su iya sake kirana? In akwai, ba na sawa. Gara in mutu a nan da in fita in dawo."

Ta riga ta karanta takardar a mota sau uku. Ta san abin da na tara ya ce: wanda aka yi wa afuwa zai amsa kiran hukuma duk ranar da ta buƙace shi. Ta ɗauka irin kwalliyar nan ce ta lauyoyi, da suke sawa don takarda ta yi tsawo. Ta dubi wuyansa da ya zama kamar na kaza, ta ce, "Babu." Ta karanta masa na takwas, ta wuce na goma, muryarta ko rawa ba ta yi ba. A duk shekarunta na aiki, layi ɗaya ke nan da ta taɓa tsallakewa.

Shagon waldar yana bayan tashar motoci, tsakanin mai faci da mai gyaran firij. Tun daga nesa ta hango shuɗin hasken. Auta na durƙushe kan wani gadon ƙarfe mai hawa biyu, gilashin walda a fuskarsa, ya yi ƙiba har rigar aikin ta ɗame shi a ciki. Ta kama mariƙin ƙofar shagon ta tsaya. Guntun bakin bindiga ne mariƙin. Ranar bikin ajiye makamai Auta aka ba wa injin yanka ya datse na farko a gaban 'yan jarida, ya roƙi guntun, daga baya ya liƙa shi a ƙofa. Hannun masu shiga da fita ya goge shi har yana sheƙi.

Ya ɗaga gilashin. "A'a, Yaya! Yau rediyo ta ƙone ne?"

"Gadon wa kake yi?"

"Na 'yan biyunki mana. Sun ishe mu da harbi cikin barci, uwarsu ta ce ko in raba su ko ta koma falo." Ya kashe injin, ya goge hannu a wando. "Dama ina nemanki. Wani saƙo ya shigo min tun safe, duk Turanci. Na nuna wa mai firij, ya ce wai na ci kyauta. Shi ma dai kin san shi, ƙarya yake ya iya."

Ya miƙo wayar, fuskarta duk tsage. Ya sa baƙin yatsansa ƙarƙashin kalmar. "Wannan ce ta tsaya min. Na ga lambata a ƙasa."

Ta nemi kujera, babu, sai ta zauna a kan ƙasan gadon da bai gama ba. Ƙarfen da ɗumi.

"Auta, cewa suka yi za su sake ba ku bindigogi."

"Su wa?"

"Ku da kuka ajiye. Gobe da safe, a filin wasa."

Ya yi dariya, dariyar gaske, har da buga cinya. "Ni? Ai ni na yanka su! Akwai hotona a jarida. Sai dai in walda za su ba ni in mayar musu da su."

Ba ta yi dariya ba. Ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan dariyar ta ƙare masa kamar mai ya ƙare wa inji.

"In ban je ba fa?"

"Afuwar ta tashi. Duk abin da aka yafe ya dawo."

"Da wane dalili? Ai na sa hannu."

"Da dalilin sa hannun. Akwai sharaɗin da ya ba su dama. Na tara."

Ya shiga can ƙuryar shagon, ya sauko da wani gwangwanin madara daga saman kanta, ya zazzage ƙusoshi, ya zaro takardar a naɗe cikin leda. Ya warware ta a kan gwiwarsa, ya bi lambobin da yatsa har ya tsaya.

"Wannan ne?"

"Shi ne. Auta, ranar nan ban karanta maka shi ba. Na tsallake. Ka tambaye ni na ce babu, alhali akwai. Ni na yi maka wannan, ba kowa ba."

Ta zaci zai yi ihu, ta ma fi son ya yi. Ya dai ci gaba da kallon takardar.

"Na sani, Yaya."

"Ka san me?"

"Ba na jin Turanci, amma ai na iya ƙirga. Goma sha biyu ne a rubuce. Ina lissafawa da yatsa kina karantawa, goma sha ɗaya kika faɗa."

"Shi ne ba ka taɓa tambayata ba? Shekara bakwai?"

"In tambaye ki ki gaya min?" Ya naɗe takardar a hankali. "Na gaji ne a lokacin. Ina son in kwanta a ɗaki mai ƙofa. Na ce a raina, wanda Yaya ta tsallake, ko dai ba shi da amfani, ko kuma shi ne duka maganar. Sai na zaɓi na farko. Kullum in na ɗauko ƙusa sai na tuna da shi, in mayar da gwangwanin."

Kuka ya zo mata ba shiri, irin mai fita ta hanci. Mai faci ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya janye kansa.

"Ka gudu," ta ce. "Yau ɗin nan. Ga tasha nan a bayanka."

"In je ina? In bar 'yan biyu, in bar uwarsu, in bar Inna a ɗakina da ƙafa ɗaya mai aiki? Su zo su tarar ba na nan, su zauna a ƙofar gida? Na taɓa gudu, Yaya. Na san yadda yake, ba a kai shi ƙarshe."

"To ka je ka ce ba ka da lafiya. Ka ce idonka, walda ta ci idonka."

"Mu ɗari shida duk gobe marasa lafiya ne, kin sani." Ya ɗan murmusa. "Abin da ke ba ni tsoro ba harbin da za a yi min ba ne. Hannun nan ne. Ina jin bai manta ba."

Ya dubi tafinsa, duk tabon ƙuna. Ita ma ta duba.

Ya rako ta bakin titi. Sai da bas ya tsaya ya riƙo gefen mayafinta kamar yadda yake yi yana ƙarami.

"Abu ɗaya za ki yi min. Inna. Zan ce mata aikin walda na samu a wani gari, wata biyu. Amma kin san ta da labaranki na ƙarfe huɗu, rediyon nan ko wanka za ta shiga da shi take shiga. Ki juya maganar. Ki sa irin Hausar nan taku ta ofis da ba a gane kanta. Kin iya ai."

"Zan gwada," ta ce.

"Bari in je in gama gadon nan. Saura tsani."

Uku saura kwata ta zauna a teburinta. Ta iya ɗin kuwa. Cikin minti goma ta rubuta cewa hukumomi sun ɗauki matakin sake fasalin tsare-tsaren tsaro ta hanyar shigar da masu ruwa da tsaki na shirin da ya gabata, kuma ana shawartar waɗanda abin ya shafa su tuntuɓi inda ya dace. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ba kuma wanda zai ji ya san an ce wani abu.

Edita ya karanta a tsaye. Ya sake karantawa. Ya ajiye biron a kan tebur.

"Anti, wannan ba rubutunki ba ne."

"Nawa ne."

"Ina bindigar? Ina ƙarfe takwas? Ina lambobin?" Ya rage murya, don yaran sun fara ɗago kai. "Na san ƙanenki na ciki, na tuna hoton. Wallahi na tausaya miki. Amma saƙon da aka tura musu da Turanci ne, kin fi ni sanin nawa ne cikinsu za su iya karanta shi. Mu kaɗai za su ji. Wanda bai gane ba zai kwana a gidansa, jibi a zo a ɗauke shi a ce ya ƙi zuwa. Mutum ɗari shida, Anti."

Ta dubi takardar. Ta tuna mai firij da ya ce kyauta ce. Wani yanzu haka yana can yana gaya wa matarsa sun ci babur.

"Ba ni," ta ce.

Ta yage ta biyu. Ta ɗauko sabuwa, ta rubuta yadda malaminta ya koya mata, jimla gajera bayan gajera. Gwamnati za ta sake ba da bindigogi ga mutanen da suka ajiye nasu shekara bakwai da suka wuce. Duk mai koren kati daga lamba ɗaya zuwa ɗari shida ya je filin wasa gobe da ƙarfe takwas na safe. Wanda bai je ba, za a kama shi. Ta sa a maimaita lambobin sau biyu.

Saura dabara ɗaya, ita ma ta san ba dabara ba ce. Huɗu daidai, da kiɗan buɗe labarai ya fito ta lasifikar bango, ta kira wayar Inna, ko hira za ta ɗauke mata hankali. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Inna ba ta ɗaga waya lokacin labaran 'yarta, ko gobara ake yi, kowa a dangi ya san wannan. Ta ajiye wayar ta saurari mai karanta labarai yana faɗin kalmominta da muryarsa mai daɗi, ɗaya bayan ɗaya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Huɗu da kwata wayar ta yi ƙara. Kullum Inna kan kira a wannan lokacin ta yi mata tsiya: wai mene ne kuma hauhawar farashi, ba sai ki ce kaya sun yi tsada ba, kuɗin makarantarki dai an yi asara.

"Inna, ina wuni."

"Ke 'yar nan." Muryar a kwance take. Ana jin 'yan biyu a bayanta suna faɗa a kan wani abu. "Ɗari biyu da sha huɗu yana tsakanin ɗaya da ɗari shida, ko?"

"Yana ciki, Inna."

"To. Ya aiko wai in shirya masa jaka, ya samu aikin walda. Zan shirya masa. Ba zan ce na ji ba, ke ma kada ki ce."

"Inna, ni ce na..."

"Yau kam ba ni da tambaya. Komai na gane. Kin fassara da kyau."

Wayar ta katse.

Ɗakin labarai ya fara watsewa. Yaran na tattara jakunkuna suna gardamar ƙwallo. Edita ya biyo ta gefen teburinta zai fita, ya tsaya, ya ɗora yatsa a kan akwatin katako kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa.

"In kin samu dama ki buɗe mata kati, Anti. Ina jin za mu riƙa buƙatarta."

Ta zaro farin kati. Ta rubuta kalmar a sama, ta rubuta ma'anar a tsakiya. Da ta zo kan misali ba ta tsaya nema ba, tsohon katin mai jan rubutu yana nan a gabanta tun safe. Ta rubuta: An sake ba wa ƙanena bindiga.

Ta hura tawadar ta bushe, ta nemi harafinsa a cikin akwatin, ta saka shi.